Cin tara ma hukunci ne: kada ka amsa laifi don kawai ka kwana a gida

Akwai wata magana da ke yawo a harabar kotunanmu, daga teburin mai shayi zuwa bakin 'yan kamashon da ke tare mutane a ƙofa, wadda ta ishe ni. Wai in alƙali ya ci mutum tara ya biya, to ba a hukunta shi ba, tunda ƙafarsa ba ta taka gidan yari ba. Tana da ƙanwa kuma: wai ko ɗaure mutum aka yi, bayan shekara goma sunansa yana gogewa da kansa daga littafin gwamnati. Duka biyun ƙarya ne, kuma ba ƙaryar da za a yi wa dariya a wuce ba, domin samari ne ke biyan kuɗinta da aikinsu da karatunsu da tafiyarsu, shekaru bayan wanda ya ba da shawarar ya manta ya taɓa buɗe baki.

Kusan kullum salo ɗaya abin ke bi. Yaro ya sayi waya ta hannu a kasuwa, ko wurin abokin abokinsa. Bayan 'yan watanni aka bi sawun wayar aka zo kansa, ashe ta sata ce. Ya kwana a caji ofis, aka kai shi kotun majistare gab da ƙarshen mako. Uwa tana waje tana share hawaye da bakin mayafi, kawu yana kai-kawo da waya a kunne. Sai wani ya matso kusa da kawun, ya yi ƙasa da murya: "Alhaji, in ya musa, waƙafi za a kai shi sai an dawo zama, kuma ka san beli sai da mai tsaya masa. In ya amsa, yanzu-yanzu za a yanka masa tara ku tafi da abinku." Kawu ya leƙa ya ce, "Kai, in an karanta maka ka ce haka ne." Aka karanta rahoton 'yan sanda da Turanci, tafinta ya juya a gurguje, alƙali ya tambayi yaron ko ya gane, ya ce e. Gaskiya ne? Ya ce e. Wata shida ko zaɓin tara. Aka biya, aka karɓi rasit, aka dawo gida maƙwabta na shigowa barka da arziki.

Abin da ba wanda ya gaya wa mutanen gidan shi ne abin da alƙali ya rubuta kafin ya ambaci kuɗi. Ya rubuta cewa kotu ta samu wane ɗan wane da laifin karɓar kayan sata. Wannan layin shi ne hukuncin. Tara ko ɗauri ko share titi, waɗannan duk horo ne da ke biyo baya. Abin takaicin kuma, sashe na 317 na tsohuwar dokar Final Kod da jihohin Arewa suka gada bai ce duk wanda aka samu da kayan sata a hannunsa mai laifi ne ba. Sai an tabbatar ya san na sata ne, ko yana da dalilin da zai sa ya zargi haka, ya kuma karɓa da mugun nufi. Yaron da ya sayi waya a kan farashinta, a fili, gaban shaidu, yana da kariya mai ƙarfi. Da bakinsa ya zubar da ita cikin minti biyar.

Ba na raina tsoron da ke sa iyaye yin haka. Kusan kashi biyu cikin uku na mutanen da ke tsare a gidajen gyaran halin Najeriya masu jiran shari'a ne, ba a yanke musu komai ba, wasunsu sun daɗe fiye da abin da za a ɗaure su da a ce an same su da laifin. Duk wanda ya taɓa kai abinci gidan yarin Kurmawa ko na Goron Dutse ya san abin da uwa ke gudu. Amma kwana kaɗan na neman beli abu ne mai wucewa. Abin da aka rubuta a littafin kotu ba ya wucewa.

Irin waɗannan iyayen ne ke zuwa wurina daga baya, da rasit ɗin a ninke cikin leda. "Barista, yaron nan ya ci jarrabawar shiga aiki, sun ba shi fom, akwai wurin da aka tambaya ko kotu ta taɓa hukunta shi. Na ce ya sa a'a, ai tara kawai muka biya." Sai in ce, "Hajiya, rasit ɗin nan da ke hannunki shi ne shaidar an hukunta shi." Ba na jin daɗin faɗar haka, amma gara ta ji daga bakina da ta ji ranar da aka kore shi.

To ina ake ajiye wannan tarihin? Da farko yana cikin littafin kotun da ta yi shari'ar. Sannan Dokar Gudanar da Shari'ar Laifuka ta 2015, wadda lauyoyi ke kira ACJA, ta wajabta wa jami'in da ya kama mutum ya rubuta bayanansa, ya ɗauki hotonsa da zanen yatsunsa, ta kuma tanadi babbar rajistar laifuka a hannun rundunar 'yan sanda, da rajista a kowace rundunar jiha, inda ya kamata a riƙa aika hukuncin kotuna. Jihohi sun yi tasu irinta, Kaduna a 2017, Kano a 2019. Tsohuwar cibiyar ajiye zanen yatsu tana Alagbon a Legas, kuma da irin wannan rajistar ake duba sunan wanda ya nemi takardar shaidar hali ta 'yan sanda, wadda yanzu ake nema ta shafin POSSAP. Kama mutum daban, hukunta shi daban. Wanda aka kama aka sake shi, ko aka yi shari'a aka wanke shi, ba mai laifi ba ne a idon doka, sashe na 36 na Kundin Tsarin Mulki ya gama wannan magana.

Na san abin da wani zai ce: wa zai aika hukuncin wata ƙaramar kotu a ƙauye har Legas? Gaskiya ne rajistarmu tana da giɓi, akwai hukunce-hukunce masu yawa da ba su taɓa barin durowar magatakarda ba, akwai kuma waɗanda suka samu takardar shaidar hali fes alhali an taɓa hukunta su. Amma wanda ya ɗora rayuwarsa kan fatan gwamnati za ta ci gaba da sakaci ya yi ganganci. Yau zanen yatsunka yana wurin masu katin NIN, yana banki a BVN, yana ofishin fasfo, kuma kullum ƙoƙarin haɗa waɗannan ake yi. Ko ba kwamfuta ma, akwai mutane. Ranar da ka samu muƙami ko ka fito takara, wanda ya san labarin zai je kotun da kansa ya biya kuɗin kwafi. Tambayar ko tsohon gwamnan Delta James Ibori ne mutumin da wata kotun yanki a Bwari ta hukunta a 1995 sai da ta kai Kotun Ƙoli. A ƙarshe kotuna ba su yarda shi ne ba, amma ka ga nisan da takardar ƙaramar kotu ke iya zuwa in akwai mai turawa.

Maganar shekara goma kuwa, na san inda aka tsinto ta, kuma rabin karatu ne. Kundin Tsarin Mulki na 1999, a sashe na 66 da 107 da 137 da 182, ya hana mutum tsayawa takarar majalisar tarayya, majalisar jiha, shugaban ƙasa ko gwamna idan a cikin shekara goma kafin zaɓen an same shi da laifin da ya shafi rashin gaskiya, ko ya karya dokar ɗa'ar ma'aikata. In shekara goman ta cika, ƙofar takara ce ta buɗe. Shi ke nan. Hukuncin yana nan inda yake, kuma mai ɗaukar aiki ko ofishin jakadanci ba ruwansu da wannan lissafin. Wasu kuma labarin Ingila suke ji, inda dokar 1974 ta ba wanda ya gama horonsa, ya zauna lafiya na wani lokaci, damar daina ambatar hukuncin a yawancin neman aiki. Mu ba mu da irin wannan doka ta bai-ɗaya. Ya kamata a ce muna da ita, kuma ina ganin abin kunya ne majalisar da ke samun lokacin muhawara kan motocin 'ya'yanta ta kasa samun lokacin yi wa wanda ya saci akuya yana ɗan shekara 19 hanyar wanke sunansa yana ɗan shekara 40. Amma abin da ya kamata daban, abin da ke ƙasa daban.

Duk mai shakkar cewa tara hukunci ce ya tuna da Salisu Buhari, ɗan Kano, Kakakin Majalisar Wakilai a 1999. Ya amsa laifin ƙaryar shekaru da ta takardar jami'ar Toronto, aka yanke masa ɗauri da zaɓin tara, ya biya, bai yi zaman kaso ba. In da biyan tara na wanke mutum, me ya kawo afuwar da Shugaba Obasanjo ya yi masa daga baya? Shi yana da hanyar zuwa fadar shugaban ƙasa. Ɗanka mai wayar hannu fa?

Ƙofofin da hukunci ke rufewa ba a ɓoye suke ba. Sanarwar ɗaukar soja, ɗan sanda, kwastan da jami'an shige da fice duk tana ɗauke da sharaɗin kada kotu ta taɓa samun mutum da laifi. Ƙa'idojin aikin gwamnati sun lissafa hukuncin kotu cikin manyan laifukan da ke jawo kora, in ban da ƙananan abubuwa irin na tuƙi da tsaftar muhalli, kuma wanda aka kora ta wannan hanya yakan rasa haƙƙoƙinsa na barin aiki. Dokar bankuna ta hana ɗaukar wanda aka samu da zamba ko rashin gaskiya. Mai son zama lauya sai an gamsu da halinsa kafin a kira shi. Har ƙungiyar unguwa ko kwamitin masallaci da ke son rajista da hukumar CAC, doka ba ta yarda a sa wanda aka samu da zamba ko rashin gaskiya cikin shekara biyar da suka wuce a jerin amintattunta ba. Ka lura da abin da ke ta maimaituwa: rashin gaskiya. Sata, cin amana, zamba, karɓar kayan sata, takardar bogi. Waɗannan su ne laifukan da ake ɗauka ƙanana a kotun majistare, su ne aka fi cewa yaro ya amsa a wuce wurin, su ne kuma suka fi kowanne nauyi a takardar neman aiki. Wanda aka ci tara kan faɗa ya fi wanda aka ci tara kan cin amanar naira dubu biyar sauƙin samun aikin ajiyar kuɗi.

Sai tafiya. Masu zuwa aiki ƙasashen Larabawa, masu neman karatu ko zama a Kanada da Turai, galibi ana neman su kawo takardar shaidar hali. Fom ɗin bizar Amurka ya fi haka tsauri: yana tambaya ne ko an taɓa kama ka ko hukunta ka kan kowane laifi, ko da an yi maka afuwa daga baya. Laifin ƙwaya kuwa, ko ƙulli ɗaya ne na wiwi aka kai mutum Babbar Kotun Tarayya a kansa, yana iya rufe masa Amurka gaba ɗaya. A nan ne mutane ke ƙara wa kansu laifi na biyu a kan na farko. Sau da yawa hukuncin da kansa ba zai hana biza ba, musamman in ƙarami ne kuma ya daɗe. Ƙaryar ce ke hanawa. Birtaniya tana iya hana wanda ta kama da yaudara a fom shiga ƙasarta har shekara 10, Amurka kuwa haramcinta kan ƙarya a abu mai muhimmanci na har abada ne. Haka a wurin aiki: wanda ya faɗi gaskiya aka ɗauke shi ya zauna da gindinsa, wanda ya ɓoye kuwa duk ranar da aka gano, ko bayan shekara 20 ne, za a kore shi kan ƙaryar, wataƙila ma a gurfanar da shi. Masu zuwa su yi takardar rantsuwa su canja suna kuma, suna ake canjawa, ba a canja yatsa.

In kuma tsautsayi ya sake mayar da mutum kotu, wancan hukuncin na tara shi za a fara tambaya kafin a yanke na biyu. Sassaucin da alƙali ke yi wa mai laifin farko an riga an kashe shi a kan wayar da yaron bai ma san ta sata ce ba.

Akwai kuma ƙarya ta ɗaya ɓangaren, wadda ita ma nake jin haushinta, ta masu ɗaukar wanda ya fito daga gidan yari kamar ya mutu a doka. Yana da katin zaɓensa, yana da ƙuri'arsa. Yana iya sayen fili, ya buɗe asusu, ya yi kasuwanci, ya shigar da ƙara, ya ba da shaida, ya je aikin Hajji. Gadonsa yana nan, in ba shi ya kashe wanda za a gada ba. Na ga 'yan'uwan da suka raba gida ɗan'uwansu yana ɗaure, da hujjar wai fursuna ba ya gado. Ba shari'ar Musulunci ce ta faɗi haka ba, ba kuma dokar ƙasa ba. Cin dukiyar ɗan'uwa ne kawai aka sa wa riga.

Horon da ya fi tsanani ma ba kotu ke yanke shi ba, mu ne. Mutum ya gama wa'adinsa, ya koyo kafinta ko ɗinki ko walda a ciki, wasu har digiri suke yi a cibiyoyin Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa da ke wasu gidajen gyaran hali. Ya fito, maigidansa na kasuwa ya ce ba wuri. Mai gidan haya ya ji labari ya ce ɗakin an kama. Ya je neman aure, masu bincike suka dawo da kalma ɗaya, aka mayar masa da kayansa. Duk abin da ya ɓata a layi, ƙofarsa ake fara kallo. Bayan wata shida mutanen da kawai ke yi masa sallama da fara'a su ne waɗanda ya sani a ciki, sai mu ce ai dama mun faɗa, mai hali ba ya fasa halinsa. Ban ce kowa ya miƙa makullin shagonsa ga wanda aka ɗaure kan sata ba, ban kuma ce uba ya daina bincike kafin ya ba da 'yarsa ba. Wanda aka samu da laifin fyaɗe ma doka da kanta ta ce a sa sunansa a rajista, hukumar NAPTIP ke riƙe da ta ƙasa tun 2019, kuma daidai ne. Abin da nake cewa a tambaya: wane laifi, yaushe, me ya yi tun daga nan? Muna wa'azin tuba kowace Juma'a, amma ba ma ba mai tuba aikin dako.

Masu jera waɗanda ake zargi gaban kyamara kafin a kai su kotu, da masu ɗora hotunansu a Facebook da TikTok, su ma su ji. Kotuna sun sha cewa wannan holin ya saɓa wa Kundin Tsarin Mulki. Ranar da aka wanke mutumin ba mai zuwa da kyamara, hotonsa kuwa yana tsugune da allo a ƙirji yana nan ga duk wanda ya buga sunansa.

Yanzu abin yi. In ba a kai ga amsawa ba, kada wanda ake tuhuma ya ce "haka ne" sai ya yi magana da lauya, ko da na minti goma ne a bakin kotu. Haƙƙinsa ne a karanta masa tuhumar da harshen da yake ji, a ba shi tafinta kyauta, a ba shi lokacin shirya kariya, ya kuma samu lauyan da yake so. Yana iya cewa, "Ranka ya daɗe, ban gane ba, ina neman a ba ni lokaci in samu lauya." Ba rashin kunya ba ne, ba kuma alƙalin da zai ɗaure mutum don ya faɗi haka. Marar kuɗi ya nemi ofishin lauyoyin gwamnati masu kare marasa ƙarfi kyauta, wanda aka fi sani da Legal Aid, akwai shi a kowace jiha, ƙungiyar lauyoyi ma tana da masu aikin sa-kai. Ƙarfin da dangi ke sawa wajen haɗa kuɗin tara su sa shi wajen nemo mai tsayawa beli, mutum mai adireshi da sana'a sananniya, ya zo kotu tun safe da katin shaidarsa da hotuna. A ƙananan laifuka ba da beli shi ne asali, hanawa ce ke buƙatar dalili. Kuma duk wanda ya ce muku "ku amsa kawai", ku tambaye shi ko shi ne zai cika wa yaron fom bayan shekara biyar.

Ko da yaron ya aikata, amsawa nan take ba ita kaɗai ce hanya ba. Akwai laifukan da doka ta yarda a yi sulhu a kansu, irin ƙananan rigingimun dukiya da na faɗa. In aka biya mai kaya ya janye ƙararsa da izinin kotu kafin hukunci, shari'ar takan ƙare ba tare da an rubuta an same shi da laifi ba. Kuɗin dai za a kashe, amma bambancin biyan mai kaya kafin hukunci da biyan tara bayan hukunci shi ne duk abin da nake magana a kai. Haka nan ACJA, a sashe na 454, ta ba kotu ikon duba shekarun mutum da halinsa da ƙanƙantar laifin, ta sallame shi bisa sharaɗi ba tare da ta kai ga rubuta hukunci ba. Alƙalai ba su cika yin haka da kansu ba, sai an roƙa, kuma wanda bai san da shi ba ba zai roƙa ba. Yarjejeniyar amsa laifi don sassauci, wadda aka fi gani a shari'o'in EFCC, ita ma hukunci ce cikakkiya, horon kawai aka rage. In yaro ne da bai kai 18 ba, a faɗa wa kotu shekarunsa tun farko, a kawo takardar haihuwa. Dokar kare haƙƙin yara ta ce a ɓoye bayanansa, kada a yi amfani da su a kansa bayan ya girma. Ana rubuta wa yara shekara 20 a caji ofis don a huta da wahala, iyaye kuma su yi shiru.

In an riga an amsa, a yi sauri. Wa'adin ɗaukaka ƙara daga kotun majistare yawanci kwana 30 ne, daga babbar kotu zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara kwana 90. Ana iya neman ƙarin lokaci, amma sai da dalili mai ƙarfi, kuma kowane wata da ya wuce yana rage shi. Ba zan ɓoye ba, hanyar wanda ya amsa da bakinsa ƙunci gare ta. Sai an nuna bai fahimci tuhumar ba, ko ba a ba shi tafinta ba, ko abin da aka karanta bai ma kai laifi ba, ko kotun ba ta da hurumi. Duk da haka ana samun nasara, kuma hukuncin da babbar kotu ta rushe ya tafi gaba ɗaya.

Hanya ta ƙarshe afuwa ce, kuma a nan ma ana cakuɗa abubuwa. Gwamna ko wani mai hali ya biya wa fursunoni tara da azumi ko da sallah, aka sake su. A ƙarshen 2023 Ma'aikatar Cikin Gida ta tara naira miliyan 585 ta fitar da fursunoni fiye da 4,000 da suka kasa biyan tara. Aikin alheri ne babba, amma jiki ya fitar, bai taɓa littafi ba. Rage wa'adi ma haka. Afuwar da ke wanke mutum ita ce cikakkiya, wadda shugaban ƙasa ke bayarwa ƙarƙashin sashe na 175 kan laifukan dokar tarayya bayan tuntuɓar Majalisar Magabata ta Ƙasa, ko gwamna ƙarƙashin sashe na 212 kan laifukan dokar jiha bayan tuntuɓar kwamitin afuwa na jiharsa. Irinta aka yi wa Obasanjo bayan fitowarsa daga kurkuku a 1998, irinta aka yi wa tsohon gwamnan Bayelsa Diepreye Alamieyeseigha a 2013. Mutane sun ɗauka ta manya ce kawai saboda sunayen manya ake ji a rediyo. Talaka ma yana da ikon rubuta takarda zuwa kwamitin ta ofishin kwamishinan shari'a, ko da ya daɗe da gama horonsa. Ya haɗa da kwafin hukuncin, da shaidar sana'arsa, da wasiƙar mai unguwa ko hakimi, da ta limami, da ta wanda yake yi wa aiki. Ba dole a ba shi ba. In an ba shi, ya tabbata ya karɓi takardar a rubuce, ya karanta ko cikakkiya ce ko mai sharaɗi.

Wanda ke ciki yanzu ko yake gab da fitowa ya san da sashe na 14 na Dokar Hukumar Gyaran Hali ta 2019, dokar da ta canja wa hukumar gidajen yari suna. Ta tanadi takardar shaidar kyakkyawan hali ga fursunan da ya nuna ɗa'a ko ya koyi sana'a ko karatu, ta kuma ce kada a nuna wa mai wannan takarda bambanci saboda zaman da ya yi. Ba ta goge hukunci, kuma masu ɗaukar aiki da yawa ba su taɓa jin labarinta ba. Amma a tambayi jami'in walwala na gidan tun kafin ranar fita, domin abu ne da mutum zai ajiye a kan tebur lokacin da yake bayanin kansa. Bayanin kuma ya zama gajere: ga abin da ya faru, ga shekarar, ga abin da nake yi tun lokacin, ga wanda za ku tambaya a kaina.

Wanda aka wanke ko aka kori ƙararsa, kada ya fita daga kotu da murna kawai. Ya koma wurin magatakarda a makon nan ya nemi kwafin hukuncin mai hatimi da sa hannu, ya duba ko an rubuta an sallame shi an kuma wanke shi, ko sallama ce kawai don mai ƙara bai zo ba, domin ta biyun ana iya sake tayar da ita. Ya kai kwafi ɗaya ofishin 'yan sandan da suka kama shi don a gyara abin da ke rubuce a wurinsu. Ana canja wa alƙalai wurin aiki, fayil yana ɓata, gara da ruwan sama suna cin takarda. Ya yi kwafi da yawa, ya ɗauki hotonsa a waya, ya ba wani ɗan'uwa ɗaya ya ajiye a wani gidan daban.